Kindle ko ƙaramar laftof? Karanta wannan kafin kuɗinka su bar hannunka



Yau maganar saye za mu yi, domin asarar da mutane ke yi wurin saye ta fi wadda suke yi wurin gyara. Waya in ta lalace, ka kawo ta shago mu san yadda za mu yi da ita. Amma in ka sayi abin da bai dace da buƙatarka ba, babu mai gyaran da zai iya yi maka komai, ƙarshenta ka sayar da shi rabin kuɗi kana cizon yatsa.

Tambayar da ake yawan kawo mini ita ce: "Oga, na tara ɗan kuɗi, ina son abin karatu da ya fi waya. In sayi Kindle ne ko ƙaramar laftof?" Masu tambayar nan kala-kala ne. Akwai 'yan makaranta daga Yelwa da Birnin Yauri da Wara da Shanga masu karatu a Aliero ko Birnin Kebbi ko Sakkwato. Akwai 'yan'uwanmu mata masu kwana kan littattafan Hausa har idonsu ya yi ja. Akwai malamai masu tarin littattafan Larabci a waya. Kuma kuɗin nan sau da yawa na albasa ne, ko na shinkafa, ko na kifin da baba ya kwana cikin ruwa kafin ya samu. Bai kamata a zubar da su a banza ba.

Ga ra'ayina tun daga farko. In abu ɗaya kawai za ka iya saye kuma kai ɗalibi ne mai rubutu da lissafi, sayi laftof mai ƙwari. In matsalarka ita ce dogon karatu, ga rashin wuta, ga WhatsApp na katse ka, na'urar karatu irin su Kindle ta fi maka. In kuma duk abin da kake karantawa handawut ne da aka ɗauka a hoto, to Kindle ƙarama ba ta dace da kai ba ko kyauta aka ba ka. Bari in yi maka bayani dalla-dalla.

MECE CE NA'URAR KARATUN NAN?

Mutane na ganinta su ce ai tablet ce marar kala. A'a, sikirin ɗinta daban ne da na waya tun daga tushe. Sikirin ɗin waya fitila ne, yana harbo haske kai tsaye cikin idonka, kuma muddin yana kunne yana shan batir. Na Kindle kuwa ana kiransa E Ink. A cikinsa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da farin gari da baƙin gari. Idan ka buɗe shafi, wuta 'yar kaɗan ce ke turo baƙin sama a inda harafi yake, farin kuma ya cike sauran wurin. Da zarar sun zauna, shi ke nan, rubutun zai ci gaba da zama ko ba wuta. Shi ya sa za ka ga Kindle a kashe amma hoto na nan a fuskarta.

Wannan ne ya jawo abubuwa biyu. Na farko, ba ta shan batir sai lokacin da ka juya shafi, ko ka kunna fitilarta, ko ka buɗe Wi-Fi. Na biyu, cikin rana tsaka rubutunta ya fi fitowa, kamar takarda, alhali waya sai ka ƙure haskenta kana kare ta da hannu. Masu fitila a cikinsu ma hasken daga gefe yake sauka kan shafin, ba daga baya yake bugo ido ba.

Amma fa tana da nawa. Juya shafi sai ta ɗan yi ƙyaf, wani lokaci ta yi baƙi sannan ta dawo. Ba ta bidiyo, ba ta TikTok, rubutu a kanta kuma sai haƙuri. Yawancinsu baƙi da fari ne.

Sony ne ya fara fitar da irin wannan na'urar a 2004, Amazon kuma ya fito da Kindle a 2007, sunan ya bi bakin mutane har kowace iri ake ce mata Kindle. Ban da ita akwai Kobo, akwai PocketBook, akwai kuma Boox wadda Android ce a cikinta, za ka iya sa mata manhajoji kamar waya.

MAGANAR WUTA

A nan ne na'urar karatu ta yi wa laftof fintinkau. Muna zaune a bakin tafkin Kainji, madatsar da ke ba ƙasar nan wuta tun 1968, amma kowa ya san yadda muke da wuta a unguwanninmu. Kullum shagunan caji cike suke.

Amazon na cewa Kindle Paperwhite ta 2021 na kai mako goma da caji ɗaya. Kada wannan ya ruɗe ka, lissafin nasu na mai karanta minti talatin ne a rana, Wi-Fi a kashe, fitila a ƙasa. In ka buga lissafin, awa 35 ke nan na karatu. Ƙaramar Kindle ta 2022 kuma mako shida suka ce, wato awa 21. Ke mai karanta littafi awa uku ko huɗu a dare, ki sa ran mako ɗaya zuwa kwana goma. Duk da haka, wace waya ce za ta ba ki wannan?

Batirin nata ƙarami ne, bai kai rabin na wayar Tecno ko Infinix mai 5,000 mAh ba. Fawa banki mai 10,000 mAh zai cika ta sau uku ko huɗu. Ƙaramin faifan sola mai cajin waya ma ya ishe ta.

Laftof kuwa cajarta 45 zuwa 65 wat take ja. Ta hannu da ke zuwa kasuwanninmu, in batirinta ya riƙe awa uku ka gode wa Allah. Yawancin tsofaffin kuma wuta mai ƙarfin bolt 19 ko 20 suke buƙata, saboda haka fawa bankin wayarka ba zai motsa su ba. Ke nan duk wanda zai sayi laftof a ƙauyen da wuta ba ta zuwa, ya haɗa da kuɗin caji ko na sola a lissafinsa tun kafin ya biya. Na ga laftof da yawa sun zama kayan ado a ɗaki saboda wannan.

TARKON DA YA FI KAMA 'YAN MAKARANTA

Ka natsu a nan, domin a nan aka fi yin asara.

Fayil ɗin littafi iri biyu ne. Akwai wanda rubutu ne na gaske, irin EPUB ko Word ko TXT. Shi wannan kamar ruwa yake, duk mazubin da ka sa shi zai bi. Ka ƙara girman harafi, layukan su sake jeruwa da kansu. Akwai kuma PDF, wanda shafinsa a daskare yake. Mafi muni shi ne PDF ɗin da aka ɗauki hoton takarda da waya aka haɗa, irin handawut ɗin da ake turowa a gurup ɗin aji, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da yawancin littattafan Larabci da na ajami da ke yawo.

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kusan 30. Sikirin ɗin Kindle mai inci 6 kuwa wajen santimita 9 ne da 12. Wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na takardar ba. Ka ɗauki cikakken shafi ka matse shi a nan, rubutun zai koma kamar tururuwa. Ka ce za ka buɗa shi da yatsa, ita kuma na'urar ga nawa, kowane motsi sai ta yi ƙyaf. Kafin ka gama shafi biyar ranka ya ɓaci ka koma wayarka.

Akwai dabaru, ba na musu. Za ka iya kwantar da ita a gicciye ka karanta rabin shafi rabin shafi. Akwai manhajar KOReader mai yanke gefen takarda ta sake jera rubutun. Amma in shafin na da zane, ko jadawali, ko lissafi, ko sharhi a gefe irin na littattafan Larabci, dabarar na watsewa. Masu inci 10 irin Kindle Scribe da manyan Boox su ne ke iya wa PDF, sai dai kuɗinsu ya kai na laftof mai kyau, wani lokaci ya wuce.

Saboda haka kafin ka yanke shawara, buɗe wayarka yanzu ka duba abubuwa goma na ƙarshe da ka karanta. In bakwai ko takwas PDF ne na hoto, manta da ƙaramar Kindle. Laftof ko tablet mai inci 10 ne maganinka.

GA MASU KARANTA LITTATTAFAN HAUSA

'Yar'uwa, ke ce na'urar nan ta fi yi wa amfani, amma da sharaɗi. Kindle da Kobo ba sa ɗaukar manhajar Android. In littafin da kike bi a cikin Wattpad yake ko ArewaBooks, ko a gurup ɗin WhatsApp ake sakin sa shafi-shafi, ba za ki same shi a Kindle ba. Sai dai Boox, ita ce ke ɗaukar manhajoji, ita kuma ta fi tsada kuma ta fi shan batir.

In kuwa littafin ya zo miki a fayil, Word ko TXT ko EPUB, to kin huta. Amazon na da hanyar da ake kira Send to Kindle. Ki sa manhajar Kindle a wayarki, ki tura fayil ɗin ta nan, ki kunna wa na'urar hotsifot na minti biyu, littafi ya sauka. Tun 2022 hanyar ke karɓar EPUB. Mai laftof kuma sai ya jona igiya ya zuba su, ko ya yi amfani da manhajar Calibre, kyauta ce, tana juya fayil daga wannan nau'i zuwa wancan. Kobo na buɗe EPUB kai tsaye, PocketBook kuma har fayil ɗin Word tana buɗewa ba sai an juya ba.

Littafi mai rubutu zalla bai cika wuce megabait ɗaya ko biyu ba. Ke nan mai 8GB ma za ta ɗauki dubbai. Kada mai shago ya ƙara miki kuɗi da sunan wai 32GB ce, ba bidiyo za ki zuba ba.

Sai maganar haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Wasu salon haruffan da ke cikin na'urorin ba su san su ba, sai ki ga akwati a wurinsu ko harafin ya fito daban da 'yan'uwansa. Maganin mai sauƙi ne. Kindle da Kobo duk suna yarda a ƙara musu salon harafi ta folda mai suna fonts. A sauke Charis SIL ko Andika, kyauta ne, an yi su ne da harsunan Afirka a rai, a zuba a ciki, matsala ta ƙare.

Kada kuma ki sa ran kantin Amazon zai cika ki da littattafan Hausa, kaɗan ne a can. Saye da katin naira ma wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. Mu tuna da OkadaBooks, kantin littattafai na intanet na 'yan Najeriya, wanda aka rufe a 2023. Darasin da ke ciki shi ne littafin da ke zaune a manhajar wani, aro ne. Wanda ke hannunki a fayil shi ne naki. Amma don Allah in marubuciya ta ce littafinta na kuɗi ne, a biya ta. Ita ma data take saye, ita ma caji take biya.

Ga mai son ƙarfafa Turancinsa kuma, a nan Kindle ta yi zarra. Ka danne kalma da yatsa, ƙamus ya fito da ma'anarta nan take ba tare da data ba. Shafin Project Gutenberg, wanda aka fara tun 1971, na da tsofaffin littattafai sama da 70,000 kyauta, babu sata a ciki.

ABIN DA LAFTOF KE YI WANDA KINDLE BA ZA TA TAƁA YI BA

Kindle ta karatu ce kawai. Ba za ka buga furojet da ita ba, ba za ka koyi Excel ba, ba za ka cike fom ɗin makaranta ko na neman aiki ba, ba za ka yi zanen katin biki a biya ka ba. Laftof kuwa jari ce. Yaron da ya iya buga rubutu da yatsu goma, ya iya Word da Excel, yana da abin da zai ci abinci da shi a Yelwa ko a duk inda ya je.

Ga kuma jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kibod ba sai ranar jarrabawa, rabin hankalinsa na kan neman inda N da P suke, ba kan tambaya ba. WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024. Mai karatu a NOUN kuma ya san littattafan darussansu a PDF suke a shafin jami'ar, ayyukan da ake ba su ma ta intanet ake yi. Duk waɗannan laftof suke kira.

Sai dai kalmar "ƙaramar laftof" na ɓoye shara da yawa. Daga 2007 zuwa wajen 2012 an yi yayin wasu 'yan ƙanana masu inci 7 zuwa 10, irin Asus Eee PC da Acer Aspire One da HP Mini. Yawancinsu injinsu Intel Atom ne, ram ɗinsu 1GB ko 2GB. Kamfanonin da kansu sun daina yin su fiye da shekara goma da suka wuce, amma har gobe suna shigowa kasuwanninmu a goge tas, da araha mai jan hankali. Ka buɗe Chrome a kansu ka je ka yi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba. Araha ba ta ado, malam.

Akwai kuma masu kyan gani irin HP Stream, sirara, marasa nauyi, amma ma'ajiyarsu 32GB ce da aka liƙa a jikin inji, ba a cirewa ba a ƙarawa. Windows kaɗai zai cinye mafi yawanta. Sai Chromebook, wadda ba Windows ba ce a cikinta, kuma da yawa daga makarantun Amurka da Turai aka kwaso su. Wasu na zuwa da makullin makarantar, ka kunna ta ce sai da imel ɗin makarantar. Irin wannan ko ka goge ta, da ta ga intanet makullin zai dawo.

In za ka saya, nemi ƙananan laftof na ma'aikata masu inci 12 zuwa 13, irin ThinkPad X260 ko X270, ko HP EliteBook 820, ko Dell Latitude masu wannan girman. An yi su da ƙwari, ana buɗe su, ana sauya musu batir da ram da ma'ajiya, kuma kayansu na samuwa. Ram kada ya gaza 4GB, in da hali 8GB. Ma'ajiya ta zama SSD, domin tsohon hadis mai juyawa ba ya son jijjigar kabu-kabu. Ka kuma sani cewa Microsoft ya dakatar da tallafin yau da kullum na Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida injin Intel na zubi na takwas zuwa sama yake nema. Waɗanda na lissafa za su yi maka aiki lafiya, amma wannan hujja ce ta neman ragi. In kuɗinka sun kai X280 ko makamanciyarta, ta fi.

TA FUSKAR MAI GYARA

Wannan ɓangaren mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Laftof in ta samu matsala, kibod ko sikirin ko caja, ana samun kayanta a Kano, a Beirut Road ko Farm Centre, a sa a mota ya iso. Wani abin ma a Kwantagora ko Birnin Kebbi za a samu. Na'urar karatu kuwa ba ta da kasuwa a nan. Sikirin ɗinta na da wani siririn gilashi a ciki mai saurin tsagewa. Ka sa ta a aljihun baya ka zauna, ko a jaka tare da caja da makullai, sai ka ciro ka ga rabin fuska ya daskare da layuka, alhali waje lafiya lau. Sabon sikirin sai an yi odarsa daga Caina, in ka haɗa da kuɗin kawowa ya kusa kuɗin wata ta hannu. Don haka ranar da ka saye ta, ranar za ka saya mata riga mai murfi mai tauri.

A ɗaya ɓangaren kuma, ba ta da fanka, ba ta da ramukan shan iska, saboda haka ƙurar hunturu ba ta dame ta ba. Laftof kuwa duk shekara tana son a buɗe a share mata fanka, in ba haka ba ta riƙa zafi tana mutuwa da kanta.

Zafi kuwa abokin gabar su duka ne. Amazon ya ce a yi amfani da Kindle tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuma a watan Maris da Afrilu muna haura 40. Kada a bar ta a rana, ko cikin mota a rufe, ko a jona ta caji a ƙarƙashin filo. Da ka ga bayanta ya fara tasowa, batir ne ya kumbura, a daina caji a kai wa mai gyara.

Ga masu yawan ƙetare ruwa da jirgi, ta Zamare ko ta Wara, Paperwhite daga ta 2018 zuwa sama ba ta jin ruwa, kamfanin ya ce tana jure zurfin mita biyu na awa ɗaya. Ƙaramar Kindle ta talaka ba ta da wannan kariyar. Wadda aka taɓa buɗewa aka gyara ma kada ka yarda da ita kusa da ruwa.

GWAJIN DA BA ZAI CI MAKA KO SISI BA

Akwai gaskiyar da sai an daure a faɗa. Na'ura ba ta sa mutum karatu. Wanda bai karanta shafi goma a waya ba, ba zai karanta ɗari a Kindle ba.

Ga abin da nake so ka yi. Sauke ReadEra ko Moon+ Reader a wayarka, kyauta ne. Zuba littafi ɗaya da ka daɗe kana cewa za ka karanta. Mai da bangon shafin ruwan ƙasa, rage haske, sa wayar a yanayin jirgin sama. Karanta minti talatin kullum har mako biyu. In akwai tsohuwar waya a gida marar layi, ita ta fi dacewa da wannan aikin.

Bayan mako biyu ka tambayi kanka. In ka riƙe, kuma abin da ke damunka shi ne batir na ƙarewa, ido na yaji, hannu na ƙaiƙayin buɗe data, to kai ne aka yi wa na'urar karatu, saye ta ba asara ba ne. In ka tsinci kanka kana son kwafe wani abu, ko rubuta bayani, ko buɗe shafi biyu gefe da gefe, laftof kake buƙata. In kuwa a kwana na uku ka watsar, ka ajiye kuɗinka, ka tsira da su.

Maganar ido kuma, mutane da yawa na jin sauƙi da sikirin ɗin E Ink, amma ba magani ba ne. In kana ganin dishi-dishi ko kanka na ciwo duk lokacin da ka yi karatu, asibitin ido za ka nufa kafin kasuwa.

IN KA JE SAYE

Kada ka yi cinikin biri a sama. Mai turo maka hoto a Facebook ko Jiji ya ce ka tura kuɗi a sa maka a mota, ka ce sai wani naka ya gani ya riƙe a hannu.

In Kindle ce ta hannu, abu na farko ka kunna hotsifot ka yi mata rajista da asusunka na Amazon a gaban mai ita. Wadda aka kai ƙarar ta ɓace ko an sace, Amazon na toshe lambarta, ba za ta ƙara karɓar rajista ba. In ya ce ka je gida ka yi, ka ba shi kayansa. Sannan ka buɗe farin shafi, ka ƙure fitila, ka duba ko akwai ɗigon haske ko layin da ba ya gogewa. Ka taɓa kusurwoyi huɗu ka ga tacin na amsawa. Ka nemi mai kaifin rubutu 300 ppi, kuma mai fitila, tunda yawancin karatunmu da dare ne. Mai bakin caji USB-C ta fi, igiyar wayarka za ta yi mata. Tsofaffin nan masu maɓallai a jiki na wajen 2010 da 2011 kuwa, tun 2022 Amazon ya cire musu shiga kanti daga jikin na'urar, batirinsu ma ya tsufa, a bar su.

In laftof ce, cire caja ka kunna bidiyo na minti ashirin ka ga nawa batir ya sauka. A Windows za ka iya buga powercfg /batteryreport ya nuna maka ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage. Shiga BIOS ka tabbata babu kalmar sirri. Danna kowane harafi na kibod ɗaya bayan ɗaya. Gwada Wi-Fi da kyamara da duk ramukan USB. Ka karɓi rasit mai lambar na'urar, domin kayan sata na yawo, kuma wanda aka kama da su a hannu shi ke kwana a ofishin 'yan sanda.

Iyaye masu son saya wa yaro, shawarata ku fara da laftof in ya kai aji biyar ko shida na sakandare, ku kuma sa ido kan abin da yake yi da ita, domin fim da wasan ƙwallo ma a ciki suke. Na'urar karatu ta biyo baya in an ga yaron mai son littafi ne. Malami ko ma'aikaci da ya riga ya mallaki kwamfuta kuwa, in ya ƙara da Kindle ko Kobo ba zai yi da-na-sani ba, domin zai riƙa zuba mata littattafai daga kwamfutar ya tafi ƙauye mako guda bai nemi soket ba.

Wanda ke da wata na'ura a ransa yana son a duba masa kafin ya biya, ya rubuto sunanta da lambar samfurinta, da irin abin da yake karantawa, in sha Allahu zan gaya masa gaskiya. A tura wa ɗalibin da aka san yana tara kuɗi. Allah Ya sa albarka a abin da za mu saya, amin.